Wasiƙa Zuwa ga Likita Mila, Kan Majami'ar Wusasa

Zuwa ga Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila.

Gaisuwa mai yawa da ban girma, irin wadda ta cancanci dattijon da ya shigo ƙasar nan yana saurayi a 1900, ya ƙare kwanakinsa a cikinta a 1952. Bayan gaisuwa, ni malamin makaranta ne, Musulmi, haifaffen Sakajiki ta ƙasar Ƙauran Namoda, can arewacin Zamfara inda hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Shinkafi, ɗaya ta nufi Zurmi.

Za ka ce me ya haɗa ɗan Sakajiki da kai. Dogo ne ya haɗa mu. A 1929 layin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya. A cikin wannan shekara kuma ƙungiyarku ta mishan, wato CMS, ta kwashe kayanta daga birnin Zazzau ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena, aka ɗora harsashin majami'ar nan ta ƙasa da ake kira St. Bartholomew. A kanta nake son in yi maka magana, domin duk inda aka buɗe tarihinta sunanka ne a layin farko, kuma ina ganin wannan ya jawo wa mutanen da suka gina ta wata asara da har yau ba su gama biya ba.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da shi zan fara. Ka gama karatun likita a Landan, inda suna da abin duniya ke jiranka, ka tsallaka Tarabulus don ka koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. Lokacin da Turawan mulki ke zaune a bariki nesa da talakawa, kai ka shiga cikin ganuwa ka zauna a Durumin Maigarke tun 1905, kana wanke gyambo, kana koya wa yara karatu. Ka yi ta magana kan zaluncin da ake yi wa talaka da sunan haraji da aikin tilas, har 'yan'uwanka Turawa suka ɗauke ka fitinanne. Duk wannan na sani, kuma ba zan rage maka ko ƙwayar gero daga ciki ba.

Sai dai, Likita, ka dubi lokacin da kuka zaɓa don shigowa. Ranar 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa ta zama tasu. Ba a yi wata huɗu ba sai ga ku a ƙofar Kano, ku biyar, Bishop Tugwell na gaba, babu wanda ya gayyace ku, kuma an aiko muku da saƙon ku dakata kuka ƙi. Sarkin Kano Alu ya sallame ku, kuka koma ta Zariya kuka yada zango a Girku, inda ɗayanku, Dudley Ryder, ya rasu. Bayan shekara uku sojojin Lugga suka fasa ganuwar Kano da igwa, suka wuce Sakkwato. Kai kuwa abokin Lugga ne, ba ka kuma ɓoye farin cikinka da faɗuwar sarakunan Fulani ba. Ka sa kanka a matsayin mutumin Kano na wancan zamani: ya ga masu littafi sun zo, ya ga masu igwa sun biyo baya, fatarsu ɗaya, harshensu ɗaya. Wace hujja za ka ba shi ya raba su? Kun tafi kun bar wannan zargi a wuyan Bahaushen da ya karɓi addininku, har yau kuma jikansa na jin ana ce masa ɗan Nasara a garin da aka binne cibiyar kakan kakansa.

Abu na biyu ya fi wannan ci mini rai, domin ya shafi inda labarin ya faro. Masu rubutu sukan fara tarihin Wusasa daga ranar da ka sauka. Amma kafin a haife ka a 1872, akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da ke maganar Annabi Isa, alaihissalam, har ya kai ga ɗaukaka shi fiye da yadda sauran malamai suka yarda, ya tara almajirai suna jiran dawowarsa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wajen 1867, aka nemi ya janye ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Ni Musulmi ne, ban bi fahimtarsa ba, amma ba zan yi maka ƙorafi kan naku ba in ɓoye namu: an kashe malami kan abin da ya karanta ya gaskata, kuma wannan tabo ne a tarihinmu. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi wajen Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Su ne ake kira Isawa. Fiye da shekara arba'in suna riƙe da abinsu daga uba zuwa ɗa, ba su taɓa ganin Bature mai wa'azi ba, ba su da littafinku, babu mai aiko musu da ko anini daga Ingila.

Su ne suka neme ka a 1913. Kafin zuwansu ka yi shekara takwas a birnin Zazzau, waɗanda suka bi ka ba su taka kara sun karya ba, yawancinsu yara ne da ke gidanka. Zuwan Isawa ne ya mayar da 'yan tsirarun nan jama'a, mai dattawa da mata da 'ya'ya da gonaki. Saboda haka in ana neman tushen ikilisiyar Hausawa ta Wusasa, a tafi kasuwar Kano a tsaya inda aka kashe Malam Ibrahim. A nan ta tsiro, cikin Hausa da Larabci, a hannun masu allo da tawada.

To, ina aka kai su? Aka tara su a Gimi, aka ce ga garin Kirista, aka ɗora musu Rabaran W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran Karebiyan, wanda shi ma ba a cika tunawa da shi ba ko da yake shi ya zauna da su dare da rana. Suka sare daji, suka yi gidaje da makaranta da wurin sujada. Ba a jima ba ƙudan tsando ya shigo musu da ciwon barci. Cikin 'yan shekaru garin ya zama kufai, zuriyar mutanen da suka tsira daga takobin Kano suka ƙare a kan tabarma suna gyangyaɗi har mutuwa, sauran da suka rage aka kwaso su zuwa Zariya, da yawansu marayu. Ban ce kai ka kawo ƙudan ba, kuma na san maganin cutar bai wadata ba a lokacin. Amma kai likita ne, su kuwa sun baro inda suka saba ne don sun amince da ku. Ya kamata a ce sunayen matattun Gimi ne farkon abin da mai shiga majami'ar Wusasa zai karanta.

Sai maganar zamanka da fada. Kai da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ba ku sha inuwa ɗaya ba, kana kuma cikin masu kai ƙararsa wurin Turawa, har aka tuɓe shi a 1920 aka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Ko laifin da aka ɗora masa gaskiya ne ko da ƙari, mutanen birni abin da suka gani shi ne baƙon da aka ba masauki ya sa hannu an cire mai gida, sarki kuma malami mawallafin waƙoƙi da ake ji da shi. Bayan 'yan shekaru 'yar'uwarka Ethel ta buga wata ƙasida da ta taɓa mutuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, har gwamnatin Turawa kanta ta rasa inda za ta sa fuskarta. Likita, kai da ka iya Hausa kamar jakin Kano, ka san abin da wannan ke nufi a zuciyar Musulmi. Ita Ethel tana da fasfo da jirgin ruwa in abu ya ɓaci. Bahaushen Kirista da zai fita kasuwar Zariya washegari ya sayi gishiri a hannun ɗan'uwansa Musulmi ba shi da ko ɗaya.

Wannan tsamin dangantaka na cikin abin da ya sa sarki da Razdan suka matsa a fitar da mishan daga cikin ganuwa. Aka ba da fili a Wusasa a zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim. Kai ba ka so tashin ba, ka koma Kano ka duƙufa kan fassara, matashin limami Guy Bullen ne ya jagoranci ƙaurar. Ka ga ke nan ko tubali ɗaya na wannan gini ba a ɗora shi don ganin idonka ba, amma a bakin jama'a ya zama cocin Mila.

Ina so ka saurare ni a kan ginin kansa, don a nan hujjata take. Bature bai san yadda ake kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a murza tubali ba. Bai san yadda ake jera azara ana ɗaure ta ɗaya bisa ɗaya, kowace ta ɗan leƙo gaban 'yar'uwarta, har bangarori biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo mai ɗaukar nauyin rufin soro ba. Wannan ilimin maginan Hausa ne, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna ƙarshensa a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, kusan shekara ɗari kafin ku koma Wusasa. Duk wanda ya shiga masallacin nan ya ɗaga kai, sannan ya je Wusasa ya ɗaga kai, ya san gida ɗaya hannuwan suka fito. Kaurin bango da ke tare zafin bazara, da ƙananan tagogi, da indararo mai zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango, duk namu ne. Sunan Babban Gwani yana nan, har unguwa ake kira da shi a Zariya, don sarakunan da suka sa shi aiki sun san darajar magini. A Wusasa kuwa sunayen da suka hau takarda na masu ba da umarni ne, masu cuɗa ƙasa suka zama "ma'aikata".

Kuma ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya a juya baya. Mu da muka tashi cikin soraye mun san haka. Kowace damina tana cin rabonta, in kaka ta yi sai a duba inda ya tsage, a cike, a sake yaɓe, a shafa makuba, a share bakin indararo, a leƙa azara ko gara ta shiga. Soron da aka yi wa sakaci damina uku a jere ya zama tudun ƙasa. Wannan majami'a ta haura shekara casa'in a tsaye. Lissafin mai sauƙi ne: hannuwan da suka riƙe ta bayan tafiyarku sun fi waɗanda suka ɗora ta yawa nesa ba kusa ba. Matan zumunta da ke share ta ranar Asabar, da manoman da ke kawo baikon dawa da gero bayan girbi, da katikis ɗin da ke buga ƙararrawa da asuba, da dattawan da ke zama su sasanta ma'aurata a inuwarta, su ne masu ita. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kun sauka da safe kun yi amfaninku, rana ta ɗaga kun tafi, su suka saura.

Haka labarin yake a wajen Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Aiki ne babba, ba mai musu. Da shi Hausa ta zama harshen sujada a wurin Angas da Birom da Bajju da Tangale da wasu al'ummu da dama da ba Hausawa ba, har ta kai inda fatauci da sarauta ba su kai ta ba. Amma wa ya riƙa gaya maka cewa wannan kalma ba ta zauna ba, Bahaushe ba ya faɗin haka? Tun a Tarabulus ka haɗu da yaron nan Abdulmajid Tafida, wanda ya baro ƙasar Katsina da mahaifinsa kan hanyar Makka, ya zama na hannun damanka shekara da shekaru. Akwai shi, akwai malaman Isawa da suka zo da Larabcinsu, akwai ɗalibanka. Wannan ɗabi'a ma ba kai ka fara ta ba. Kafin kai, J. F. Schön ya zauna da Dorugu, yaron da matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai, ya kwashi Hausa a bakinsa ya cika littattafai, duniya ta san Schön masanin Hausa, Dorugu kuwa sai mai bincike ya tono shi. In an ce fassarar Mila, sai Musulmi ya ji cewa littafin baƙo ne, alhali Hausar da ke ciki daga bakin 'yan'uwansa ta fito.

Ba zan yi rowar ambaton 'ya'yan da wannan ƙaramin gari ya haifa ba, don abin alfaharin Arewa ne gaba ɗaya. Dakta Russell Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta, yau ga babban asibiti da sunansa a Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga littattafan hikaya biyar na farko da aka buga da boko bayan gasar 1933. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara daga ƙasar Angas, wanda ya tashi a Wusasa ya mulki Nijeriya shekara tara. Asibitin St. Luke kuma ya karɓi haihuwar Musulmi da Kirista ba tare da tambaya ba. Gari ɗaya da bai kai wata unguwa ta Kano girma ba!

Amma wannan albarka ta zo da ƙaya a jikinta, kuma ƙayar mu ta soka. Tun farko ka nemi Lugga ya ba ka 'ya'yan sarakuna da malamai ka koya musu boko, kana fatan daga karatu su zarce baftisma, ba ka kuma ɓoye wannan fata ba. Gwamnati ta tsorata ta miƙa aikin ga Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Sai dai magana ta riga ta fita: boko ƙofar barin addini ce. Iyaye suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗaukar yara makaranta, mai unguwa ya miƙa ɗan talaka ko ɗan bawa ya ajiye nasa. Ba kai kaɗai ke da alhakin wannan ba. Turawan mulki sun yi ƙwauron gina makarantu, sarakuna da yawa ba su matsa ba, mu ma da muka karɓi mulki mun yi shekara sittin da wani abu ba mu gyara ba. Amma ni da ke tsaye gaban allo a Zamfara, ina ganin kujerun da babu kowa a kansu, na san tsoron nan yana da asali, kuma da ka raba magani da karatu daga farautar rayuka, da wataƙila an sami Barau Dikko goma a ƙasar Sakkwato kaɗai.

Bari in kawo ka wajenmu, inda ba ka yi aiki ba amma inuwarka ta iso. Jirgin da ya zo kwasar gyaɗa da auduga a Ƙauran Namoda ya sauke ma'aikatan reluwe da akawuna da masu kanti daga Kudu, Yarbawa da Ibo da sauransu. Suka kafa 'yan majami'unsu a Sabon Gari, a Gusau da Ƙaura, da farko rumfar kara, daga baya kwano. Mishan ta SIM ta sami shiga lardin Sakkwato ta ƙofar jinyar kutare, ta karɓi Amanawa a shekarun 1930 kamar yadda ta karɓi Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina, ikilisiyoyinta kuma suka zama ECWA a 1954. Limaman Katolika 'yan ɗariƙar Dominik daga Amurka suka zauna a Gusau a shekarun 1950. Cikin Maguzawan ƙasar nan, irin na wajen Kwatarkwashi, da yawa sun musulunta, musamman a zamanin rangadin Sardauna, wasu kuma suka bi Almasihu suka ci gaba da noman gonakin kakanninsu. A 1966 rikici ya kwashe Ibo cikin 'yan kwanaki, wasu majami'un suka wayi gari babu kowa, bayan yaƙin basasa aka dawo aka sake buɗe su. Yau in ka shiga irin waɗannan wurare ranar Lahadi za ka tarar da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, da 'yan hidimar ƙasa, da 'yan sanda da matansu, da mai gyaran mota, da 'yan tsirarun Hausawa suna rera waƙa da Hausar da ta fi tawa tsabta.

Kowace ɗaya cikin waɗannan tana da tarihi: wa ya ba da fili, wane maƙwabci Musulmi ya ɓoye wa a ɗakinsa ranar tashin hankali, wace tsohuwa ce ta riƙe mabuɗi lokacin da kowa ya gudu. Ba a rubuta ba, don an saba cewa majami'a ba ta da tarihi sai in akwai Bature mai littafin ajiye labarin yau da kullum a farkonta. Wusasa ta yi suna saboda kai, sauran suka zama kamar ba a yi su ba. Dattawan da suka san labarin kuwa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Sakamakon wannan a fili yake. Bahaushe Kirista ya je neman takardar shaidar asali, sai a dubi sunansa na fari a ce ya faɗi garinsu na gaskiya. Ya je Kudu, ɗan'uwansa a addini ya ji harshensa ya ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Har sai da suka kafa ƙungiya, Tarayyar Masihiyawa, don kawai su ce ga mu, Hausawa ne da Fulani da Barebari, ba daga ko'ina muka zo ba. A watan Maris na 1987, da rikicin kwalejin horon malamai ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, an ƙona masallatai a can, an ƙona majami'u da yawa a nan, wutar kuma ba ta ƙyale Wusasa ba. Yaran da suka ɗauko fetur sun ɗauka kayan baƙi suke ƙonawa. Da an koya musu cewa masu wurin jikokin almajiran Kano ne, cewa rufin da ke can ɗan'uwan rufin masallacinsu ne, ina kyautata zaton da hannun wasunsu ya yi sanyi. Laifin ƙona wuri na wanda ya ƙyasta ashana ne, ban ɗora maka shi ba. Abin da na ɗora maka shi ne labarin da aka bari a baya, wanda ya sauƙaƙa wa mai ashana aikinsa.

Mu nan Zamfara an ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, aka yi ta muhawara kan makomar Kiristocin jihar, ana yi har yanzu kan filin gini da koyar da addininsu a makarantun gwamnati, kuma ina cikin masu ganin haƙƙin maƙwabci bai ragu ba don ya zama tsiraru. Sai ga wata masifa ta zo da ba ta tambayar kowa alƙiblarsa. 'Yan bindiga sun hana noma sai an biya su, sun tare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi, sun shiga Sakajiki kanta sun kashe mutane sun ƙona dukiya. A 2021 har layukan waya aka rufe, aka hana cin kasuwannin mako. Liman na tara kuɗin fansa bayan sallar Juma'a, fasto na tara nasa bayan sujadar Lahadi, sau da yawa a hannun mutum ɗaya kuɗin ke ƙarewa. Ƙauyen da ya tashi, masallacinsa da majami'arsa tare suke rushewa, da duk abin da aka sani game da su.

Shi ya sa maganata ta ƙarshe ta shafi takardu. Wasiƙun da ka yi ta aika wa hedikwatarku a Landan, da rahotannin shekara-shekara, da labarin zuwan Isawa da mutuwar Gimi kamar yadda kuka rubuta da hannunku, suna ajiye a ɗakin adana takardun CMS a Jami'ar Birmingham, garin da Barau Dikko ya yi karatun likita. An adana su da kyau, na gode wa masu adanawa. Amma yarinyar Wusasa da ke son ta san abin da kakanta ya faɗa ranar da ya fara zuwa ƙofarka, sai ta nemi biza da kuɗin jirgi, ko jami'ar da ta biya kuɗin shiga rumbun intanet, sannan ta karanta shi da Turanci, a yadda kai ka ji shi ka zaɓi abin da za ka rubuta. Wusasa yau tana da bishop nata Bahaushen harshe, tana da kwalejin horon limamai ta St. Francis, Jami'ar Ahmadu Bello kuma na nan kusa da ita da masana tarihi Musulmi da Kirista. Akwai inda za a ajiye kwafin takardun nan, akwai masu mayar da su Hausa, akwai kuma tsofaffin da za su ce nan Likita ya faɗi daidai, nan kuwa ba haka aka yi ba. Magadanka a CMS su ne za su iya sakin su kyauta, kuma ya kamata su yi tun masu gyara maka suna da rai.

Ka huta lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta daga Sakajiki.